Ranar Da Na Rufe Rijiyar Baba Sale

Ko za a wanke min kai da sabulun salo, ba na jin zan taɓa mantawa da damunar da na zama likitan rijiyoyi. E, ni ɗin nan. Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare saboda ni da malamin lissafi mun kasa fahimtar juna (shi amsa yake so, ni kuma ba ni da ita). Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda na ba labarin nan don ya taya ni takaici, dariya yake yi har da riƙe ciki. To ku ma ga shi nan, ku yi taku.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'a ba. Rabin samarin Daura sun zama ustazai a sati guda, wanduna duk sun ɗage sama, wanda gemunsa gashi huɗu ne ma yana shafawa. Ni kuwa sana'ata tsaron ƙofar gidan kallo, ina korar masu leƙe ta ɓular zana. Ranar da aka danna wa gidan kwaɗo, sai na koma zaman benci a bakin tasha, ina tsokanar kwandastocin motocin Katsina, in rana ta yi in je gida in ci abincin da ban nema ba.

A nan kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya same ni. Masinja ne a sashen lafiya.

"Kai, tashi. Ka iya babur?"

"Kawu, ai a kan babur aka yanke min cibi."

"Ka iya rubuta lamba daga ɗaya zuwa ashirin ba ka tsallake ba?"

"Haba Kawu!"

"Ba haba ba, na san ka. Gobe ka yi wanka ka same ni a ofis. In ka kunyata ni, wallahi sai na gaya wa uwarka inda tunkiyarta ta shiga bara."

Abin da ke faruwa shi ne, amai da gudawa sun ɓarke a wasu ƙauyuka can wajen garin Babban Mutum, kuma ana zargin ruwan sha. Matsalar, kafin a ɗebi ruwan rijiya a kai ɗakin gwaji a Katsina, a gwada, takarda ta dawo, an yi sati, mai mutuwa ya mutu. Shi ne aka kawo wata sabuwar dabara ta gaggawa, ana so a gani ko tana aiki. Wadda ta zo da ita daga Katsina sunanta Hajiya Binta, 'yar siririya mai tabarau, irin matan nan da in sun kalle ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi tun kana yaro. A gefenta kuma Malam Lawal dubagari, mutumin da in ya ga randa ba murfi sai ka ce iyayensa aka zaga.

Hajiya ta ɗaga wata 'yar kwalba kamar ta turare, a ciki akwai guntuwar takarda a naɗe.

"Takardar nan an jiƙa ta da magani. Za ka zuba ruwan rijiya ya kai wannan layin, ka rufe, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Kwana ɗaya zuwa biyu. In ruwan ya tsaya yadda yake, alhamdu lillahi. In ya koma baƙi yana warin baragurbi, to akwai ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gidan mutum ko na dabba."

"Wato kashi," na ce.

"Wato kashi," ta ce, ko murmushi babu. "Amma ba mu tabbatar kwalbar tana faɗin gaskiya ba tukuna. Don haka a kowace rijiya biyu za ka cika: ƙaramar nan, da wannan babbar mai faɗin baki. Babbar za ta shiga cikin kula mai ƙanƙara, direba ya kai Katsina. In takarda ta dawo sai mu haɗa mu gani. Rijiya muke gwadawa, amma kwalbar ma jarrabawa take zaunawa."

Ta ba ni ƙunshin ƙananan kofuna masu ɗan baki, kowanne a rufe cikin ledarsa. Ta ce kowace rijiya da kofinta, da shi zan zuba wa ƙaramar kwalba ruwa, in na gama in yar. Ta kuma ba ni fulas na tafasasshen ruwa, ta ce kullum in cika kwalba ɗaya da shi, ita ce kwalbar shaida. Ta yi dogon bayani a kan amfaninta. Ni dai ina gyaɗa kai. Gaskiyar magana a lokacin hankalina yana kan makullin babur ɗin da ke kan tebur, ina lissafin ta wace unguwa zan bi don mutane su gan ni.

Da yake damuna ce ana samun sanyi-sanyi, sai aka ba ni wata falmaran mai aljifai ta ko'ina, wai in riƙa sa kwalaben a jikina don su sami ɗumi. Wato na zama kaza mai kwanci ke nan. Farar riga ba a ba ni ba, amma likita ba farar riga ai ba likita ba ne, sai na ari ta wani abokina mai aski.

Washegari na kama hanya. Ku da kuka san hanyar Baure a damuna ba sai na yi muku bayani ba: rami ya miƙa ka ga ɗan'uwansa. Da na isa rijiyar farko na juya zan kwance kaya, sai na ga kula tana nan, fulas yana nan, ƙunshin kofuna kuwa babu. Robar da na ɗaure shi da ita ta tsinke, ya faɗi a wani wuri da Allah kaɗai ya sani. Ranar farko! Na tsaya ina zagin robar, ina zagin wanda ya sayar da ita, ina zagin hanya. In koma in ce wa matar nan mai tabarau na zubar da kofuna tun ban ɗebi ko ɗigo ba? Gara in bi Nijar da ƙafa.

Babbar kwalba ba ta ba ni wahala ba, bakinta da faɗi, daga guga na tsiyaya ta cika. Ƙaramar ce jaraba. Bakinta kamar hancin ɓera. Na karkata guga, ruwa ya jiƙa min riga, ya jiƙa wando, ya cika takalmi, kwalba kuwa ko rabi. Ina cikin tsaki sai idona ya faɗa kan abin da ke rataye a ƙahon babur.

Butata.

'Yar koriya, ta roba, mai siririn baki kamar don wannan aikin aka ƙera ta. Wallahi a lokacin sai da na yaba wa kaina. Na ce ka gani ko, su 'yan boko sai an ba su kaya cikin leda, mu 'yan tasha kuwa kanmu ne kayan aiki. Na ɗauraye ta sau uku, na zuba ruwan rijiya, na tsiyaya cikin kwalba tsaf, ko ɗigo bai zuba ba. Na yi haka da ruwan fulas ma, don ni mutum ne mai son tsari.

(A nan ya kamata in gaya muku wani abu, ko da yake ba na so. A hanya na tsaya na ci wani ɗanwake da ya kwana, don arha. Daga wannan rana cikina ya kama kiɗan kalangu. Duk 'yar tafiya sai na jingine babur na ruga cikin gero. Kuma kun san mutum ba ya shiga gero hannu rabbana. Na ce muku ba na so in faɗa.)

Kwana uku ina wannan zirga-zirga, rijiya goma sha ɗaya da burtsatse ɗaya. Kuma don kada wani ya lura ba ni da kofi ya kai labari, sai na ƙirƙiro doka. Ina isa sai in ɗaga hannu:

"Kowa ya ja baya, taku goma! Numfashinku ma yana ɓata gwaji!"

Sai in juya musu baya, in baza farar riga, in tsuguna ni da butata. Mutanen ƙauye, Allah sarki, har da masu toshe hanci da mayafi don kada su lalata min aiki. Suna ce min Dakta. Ni kuma ina amsawa.

Rijiya ta bakwai ita ce ta Baba Sale, a wani ƙauye gaba kaɗan da Babban Mutum. Tsoho ne dogo, manomi, shi da 'ya'yansa suka haƙa ta da hannunsu, suka ɗaure bakinta da siminti, ya sa maƙeri ya yi mata murfin ƙarfe. Guganta ɗaya ne, a kan gwafa yake rataye, ba ya taɓa ƙasa, kuma ko matar mai gari ba ta isa ta zo da nata ba. Rabin ƙauyen daga nan suke sha, kyauta. A unguwarsa babu wanda cutar ta kama.

"Gwada, yaro," ya ce, yana shafa murfin kamar mai shafa doki. "Gwada ka kai musu labari. Ruwan nan ko madara ba ta fi shi tsabta ba."

"Baba, ido ba ya ganin abin da muke nema. Ja baya, taku goma."

Ya ja. Dattijo mai furfura, a bakin rijiyarsa, ya ja baya saboda ni.

Kwalaben farko tun a jikina suka fara rikiɗa. Kafin kwana biyu da gamawa, duk sun koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Duk. Har ta burtsatse. Har na ruwan fulas, guda uku. Da na ga waɗannan ukun sai na yi dariya na ce ashe ruwan 'yan Katsina ma kashi ne, suna ta yi mana iyayi. Na tura su can ƙasan jaka tunda ba su da sunan rijiya, ban ga abin da zan rubuta a kansu ba.

A hanyar ofis ma sai da wasu samari 'yan sa-kai masu farautar mashaya suka tare ni, don sun ji kwalabe na ƙara a ƙarƙashin rigata.

"Malam, mene ne wannan a jikinka?"

"Aikin gwamnati."

"Haka kowa ke cewa. Buɗe."

Na buɗe wa babbansu ɗaya na kai masa hanci. Ya yi baya yana salati, idonsa na hawaye, ya ce, "Wuce, wuce! Wanda zai sha wannan ai ya riga ya sami hukuncinsa."

Hajiya ta koma Katsina jiran sakamako, don haka Malam Lawal na tarar. Na jera masa kwalabe goma sha biyu a kan tebur kamar mai tallan kwalli. Mutumin nan ya miƙe tsaye, fuskarsa har sheƙi take.

"Na faɗa! Shekara nawa ina faɗa! Wacce ce mutane suka fi sha?"

"Ta Baba Sale."

"Da ita za mu fara."

"Ba za a jira Hajiya ba?" (Ku shaida, na tambaya. Sau ɗaya, a hankali, amma na tambaya.)

"A jira mutane su mutu? Ɗauko fenti."

Muka je. Malam Lawal ya zana jan gicciye a jikin simintin, ya sa aka saro ƙayar bagaruwa aka lafta a kan murfin har ta fi ƙuguna tsawo. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na hau kan wani turmi na ɗaga baƙar kwalba sama don kowa ya gani.

"Jama'a, wannan shi ne abin da kuke sha! Kimiyya ba ta san dattijo ba!"

Baba Sale yana tsaye a gefe. Ya kalli kwalbar, ya kalli rijiyarsa, ya cire gugan daga kan gwafa ya naɗe igiyar a hankali, ya shige gida. An ce min kwana uku bai fito ko majalisa ba, sallah ma a sahun baya yake yi ya sulale. Mutumin da ya shekara ashirin yana shayar da gari, yanzu yara na nuna gidansa suna cewa ga gidan mai ruwan kashi.

Mata kuwa dole su sha ruwa. Burtsatse na da nisa, kuma ni da bakina na ce ita ma baƙa ce. Sai suka koma kududdufin bayan gari, inda shanu ke shiga har gwiwa.

Kwana shida ana haka. Ni ina Daura ina yawo da farar riga, har mai shayin tasha ya fara tambayata maganin basir.

A rana ta bakwai Hajiya ta iso da takardar Katsina. Ta karanta, ta kalli kwalabena, ta sake karantawa. A takarda, rijiya huɗu ne kawai suka lalace. Burtsatse lafiya lau. Ta Baba Sale kuwa ita ta fi kowacce tsabta.

"To kwalbar ce maƙaryaciya," in ji Malam Lawal da sauri. "Dama ni ban yarda da ita ba."

(Shi da ya kusa rungume ni saboda ita!)

Hajiya ba ta kula shi ba. Ta juyo gare ni. "Ina kwalaben shaida?"

Na zazzage jaka, suka gangaro kan tebur, baƙaƙe wuluk. Ta daɗe tana kallonsu.

"Tafasasshen ruwa ne wannan. Ni na tafasa shi da hannuna. Babu yadda za a yi ya yi baƙi sai in wani abu ya shige shi a hanya." Sai kuma ta ce, "Kun dai ba ku gaya wa kowa sakamakon nan ba ko?"

Ni na kalli Malam Lawal, Malam Lawal ya kalli silin. Da ta ji labarin ƙaya da kududdufi, ta cire tabarau ta ajiye. Ban taɓa sanin cire tabarau na iya tsorata mutum ba sai ranar.

"Ku shiga mota. Kai kuma biyo mu da babur, da duk kayan da ka yi aiki da su. Duk."

Ranar kasuwar wani ƙauye ce kusa da su, don haka mutane sun cika hanya, kuma ganin motar lafiya sai kowa ya biyo. Aka shimfiɗa wa mai gari tabarma a inuwar darbejiya kusa da rijiyar. Aka aika aka kira Baba Sale, ya fito ya tsaya can gefe, hannu a baya. Hajiya ta gaisa da mai gari, ta nemi a kawo ruwa a bokiti, ta miƙo min sabuwar kwalba.

"Nuna min yadda ka yi. Tun daga farko."

Na gyara farar riga, na ɗaga hannu. "Kowa ya ja ba..."

"Babu wanda zai ja ko'ina. Ina kofinka?"

Na yi tari. "Hajiya, kofunan nan, gaskiya ba su da inganci. Tun ranar farko suka... suka rabu da ni a hanya. Amma kada ki damu, na samo dabarar da ta fi su. In kin gani ma sai kin kai ta Katsina."

Wallahi haka na ce. Kuma da taƙama na taka zuwa babur, na ciro butata daga ƙaho, na ɗaga ta sama yadda na ɗaga kwalba ranar turmi.

Har wata akuya da ke ta kuka a gefe sai da ta yi shiru.

"Wannan," in ji Hajiya, "buta ce."

"Ƙwarai. Dubi bakinta, ko ɗigo ba ya zuba."

"Sabuwa ce?"

"A'a, ta ɗan kwana biyu. Amma sau uku nake ɗauraye ta kafin kowace rijiya. Sau uku cif. Ruwan bai canza kala ba, bai canza wari ba, bai canza ɗanɗano ba. Tambayi liman, ga shi nan."

Liman ya ce, "Kada ka sa ni a ciki, yaro."

"Tsarkin alwala daban, tsarkin gwaji daban," in ji Hajiya. "Ban da zuba ruwa a kwalba, me kake yi da ita?"

"Alwala."

"Sai me?"

"...Alwala."

Sai ga murya daga cikin mata, wata tsohuwa da goro a kunci: "La ilaha illallahu! Ai na san butar nan, koriyar nan! Ranar da ya zo sau uku yana faɗawa gonar gerona da ita a guje, yana riƙe da mazugin wando. Har na ce wa jikata Daktan nan ƙasa ma yake aunawa."

Wani ya ce shi ma ya gan ni a gonarsa. Wani ya ce a bayan makarantar firamare. Jama'a, ashe duk inda na ɗauka na ɓuya akwai mai kallo! Ƙauye ba shi da sirri, gero ma idanu gare shi.

Hajiya ta tambaye ni a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ciwo: "Cikinka lafiya a satin nan?"

"Ya ɗan yi motsi."

Mai gari ya gyara zama. "To Hajiya, a fahimtar da mu, mu ba mu yi boko ba. Kashin da aka ce an gani a rijiyar Malam Sale..."

"Ba na rijiyar ba ne, ranka ya daɗe. Rijiyar nan ta fi duk wadda muka gwada tsabta, ga takarda."

"To na wane ne?"

Mutum sama da ɗari suka juyo gaba ɗaya, kamar an ce assalamu alaikum a sallah, idanu duk suka sauka a kaina. Ni kuma ina tsaye da farar rigar mai aski, da falmaran mai aljifai, da buta a sama. Na manta ban sauke hannun ba.

"Rijiya goma sha ɗaya da burtsatse," in ji wani mai sayar da rake daga baya, "duk na mutum ɗaya! Kai, Dakta, Allah ya ƙara lafiya!"

Dariyar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta a Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Mata suna faɗuwa a kan juna. Mai gari ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Malam Lawal kuwa, don rashin kunya, shi ya fi kowa ɗaga murya: "Ka cuce mu, yaron nan! Ka sa na rufe rijiyar bayin Allah!" Har yanzu akwai jan fenti a farcensa fa!

Hajiya kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce aikin sati guda ya tashi a banza, sai an sake daga farko. Ta ce kwana shida mata da yara suna shan ruwan kududdufi saboda mu biyu, in wani ya kwanta, mu san a wuyan wa yake. Nan dariyar ta ɗan lafa. (Allah ya rufa asiri, yara biyu ne suka yi zawo, aka ba su ruwan gishiri da sukari suka miƙe. Da abin ya wuce haka, da ba da wannan bakin zan ba ku labarin ba.)

Sai a lokacin Baba Sale ya tako. Ya tsaya a gabana, ya kalle ni daga hula har takalmi.

"Yaro, ɗan Daura ne kai ko?"

"E, Baba."

"A garinku aka ce maciji ya taɓa hana mutane ɗiban ruwa. To mu namu macijin a kan babur ya zo." Ya nuna tarin ƙayar da haɓa. "Kwashe."

Na nemi a ara min manjagara. Duk ƙauyen manoma, wai babu mai ita. Na nemi sanda, wai duk suna gona. Da hannuna na kwashe ƙayar bagaruwar nan reshe-reshe, yara na ƙirga min ihun da nake yi. Malam Lawal aka ba shi yashi da tsumma ya goge giccinsa, yana gogewa yana ƙunƙuni. Kafin in taɓa murfin, Baba Sale ya daka min tsawa:

"Kul! Taɓa ƙaya aka ce, ba rijiya ba."

Shi da kansa ya buɗe, ya mayar da guga kan gwafa. Hajiya ta fasa sabon kofi daga leda, ta cika sabuwar kwalba a gaban kowa, ta ce in cire falmaran. A gaban mutane na tuɓe ta, ta miƙa wa direba ya sa. Wato ko ɗumin jikina ma an daina yarda da shi. Sannan ta ba ni ƙwayoyi da ƙullin gishiri da sukari, ta faɗa da ƙarfi yadda zan sha, da yadda ake wanke hannu da sabulu bayan an zagaya, kamar tana koya wa ɗan yaye.

Bayan kwana biyu kwalbar nan tana nan garau kamar hawaye. Kawu ya ce min Hajiya ta rubuta a rahotonta cewa kwalba ba ta yi ƙarya ba, abin da aka zuba mata shi ta faɗa, sai dai a riƙa duba wanda za a ba aikin. Wato kwalba ta ci jarrabawa, ni na faɗi. Aka karɓe makullin babur. Sunan Dakta Buta kuwa ya riga ni isa tasha, ban san wace mota ya hau ba.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne na ƙarshen ranar. Na gama kwasar ƙaya, hannuna duk jini, maƙogwarona ya bushe, mata sun yi layi da tuluna suna guɗa kamar ana biki. Na raɓa gefe na ce, "Baba, a taimaka min da ruwa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ja guga ya cika.

"Ba a hana ɗan Adam ruwa a rijiyar nan, ko da kai ne. Tsuguna. Buɗe baki. Hannuwa a baya."

Haka ya tsiyayo min daga sama, daga nesa, kamar mai ba ɗan tsako. Kuma wallahi ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Darasin da na koya bai da yawa, don kaina ba ya ɗaukar da yawa. Duk ranar da ka auna mutane ka ga kowa da kowa ya lalace, har da wanda ka san na kirki ne, kada ka yi saurin saro ƙaya. Fara duba abin da kake awon da shi, sannan ka duba hannun da ke riƙe da abin. Ni dai na duba nawa, a gaban gari guda, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba.